Asusun Umma

Kafin bankuna su ari kalmar asusu, mu a ɗakin iyayenmu mata muka san ta. Wata 'yar tukunya ce ta yumɓu, rufaffiya ruf, ba ta da baki sai 'yar tsagar da kwabo zai iya ratsawa. Abin da ya faɗa cikinta ya faɗa ke nan, ba mai ganinsa ba mai ƙirga shi, har ranar da mai ita za ta ɗauko ta da hannunta ta fasa. Kakata ta wajen uwa a ƙarƙashin gado take binne nata, kuma har ta koma ga Mahaliccinta babu wanda ya taɓa sanin ko sule nawa ne a ciki. Da na girma na ga an rubuta "asusun ajiya" a jikin fom ɗin banki, sai na ɗauka sunan da halin tare suka yi ƙaura. Wannan zato ne ya sa na ja mahaifiyata zuwa banki.

Umma ita ce amarya a gidan mahaifinmu, tsohon malamin firamare a Tudun Wadan Zariya. Mu huɗu ne a ɗakinta, ɗakin Iya uwargida kuwa su shida. Tun ina ƙarami ban san Umma da zaman banza ba. Da safe tana kan keken ɗinki tana haɗa zannuwan gado da rigunan matasai, da yamma tana matsar man gyaɗa tana murza ƙuli, ranar Juma'a kuma ta ƙulle kuɗin zubi a bakin zane ta aiki ƙanwata gidan uwar adashi. Idan kwasa ta zagayo kanta, sai kuɗin su ɓace a wani lungu na ɗakin da ita kaɗai ta sani. A shekarar da na sami gurbin karatu a jami'a, gobara ta tashi a maƙwabtanmu ta lashe kuɗin da wata baiwar Allah ta shekara uku tana tarawa a cikin katifa. Ganin haka na dage wa Umma da lallashi, ina jero mata fa'idojin banki kamar wanda aka ba kwangilar talla, har ta gaji ta ce in nemi izinin Baba. Baba ya ce Allah Ya sa albarka.

Ranar da muka je, abin da aka nema ya fi abin da muka zata. Aka karɓi hotunanta na fasfo guda biyu, da kwafin katin zaɓenta, da takardar kuɗin wutar gidanmu. Aka ɗauki hoton fuskarta da zanen yatsunta domin lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a watan Fabrairun 2014 don kowane mai ajiya ya zama yana da lamba guda mai alƙaluma 11 da za a gane shi da ita a duk bankunan ƙasar. Aka tambayi ranar haihuwarta, aka tambayi sunan mahaifiyarta, wanda ta faɗa a hankali kamar mai tsoron bango ya ji. Da aka zo kan sunan magaji sai ta yi shiru, domin ni ne ɗanta na fari, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Wannan." Da aka zo kan lambar waya, a lokacin ba ta da waya, ni kuma ban tsaya wani tunani ba na rubuta lambar Baba. Kafin ta dangwala yatsa, ta dubi saurayin da ke bayan kanta ta ce, "Ɗana, duk wannan da kuke rubutawa, wa zai gani?" Ya yi murmushi ya ce, "Ba kowa, Hajiya. Daga ke sai mu."

Shekara shida asusun yana tafiya lafiya. Duk lokacin da aka zuba kuɗi, saƙon yakan shiga wayar Baba. Sai ya bari ranar girkinta ta zo, ya ce mata, "Baƙinki sun sauka lafiya," ita kuma ta ce, "Madalla." Iyakar maganar ke nan. Bai taɓa tambayarta me za ta yi da su ba, bai taɓa neman rance a ciki ba ko a watannin da fansho ya maƙale, kuma bai taɓa furta wa kowa ba. Ya san dukiyar mace tata ce, ya kuma san cewa a gida mai ɗaki biyu ƙaramar magana kan zama babbar wuta. Ni na san abin da take tara su dominsa: kayan ɗakin ƙannena mata biyu, in da saura kuma ta fara ajiyar kujerar Makka.

Baba ya rasu a ƙarshen damina, ina cikin hidimar ƙasa. Bayan an yi sadakar arba'in, dangi suka ɗora wa Baffa, ƙanen Baba, nauyin tattara abin da marigayi ya bari. Baffa mutum ne mai tsantseni, kuma tun da akwai marayu ƙanana a cikin magada, ya ce ba zai yarda ko allura ta salwanta ba. Ya karɓo takarda daga kotu, ya kai wa bankin da Baba ke karɓar fansho, wanda shi ne dai bankin da Umma ke ajiya. Bayan zirga-zirgar makonni aka miƙo masa ambulan a manne. Bai buɗe ba, ya ce sai a gaban kowa.

Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar. Maza suka zauna tare da limamin unguwa, wanda shi zai yi lissafin rabo, iyayenmu mata kuma suna daga bakin ƙofofinsu cikin kayan takaba. Baffa ya yage ambulan ya karanta abin da ya rage a asusun Baba, wanda bai taka kara ya karya ba. Sannan ya ga akwai wasu takardun an maƙale su a baya da ƙarfe guda. Ya gyara tabarau ya ce, "Ashe akwai asusu na biyu." Ya karanta sunan Umma cikakke, ya karanta lambar wayar Baba da ke ƙarƙashinsa, sannan ya karanta adadin da ke ƙasan shafi. Ba zan rubuta adadin a nan ba. An riga an faɗe shi sau ɗaya a inda bai kamata ba, ba ni zan maimaita ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ya ninka abin da Baba ya bari sau da yawa.

Tsakar gidan ta yi tsit. Babban yayanmu na ɗakin Iya ne ya fara magana, kuma ban ga laifinsa ba, domin tambayar da ya yi ita ce a zuciyar kowa. Ya ce in kuɗin nata ne, me ya kawo lambar Baba a kai? In kuma ba na Baba ba ne, don me banki zai haɗo su da takardun gado? Ai banki ba ya kuskure. Wata gwaggonmu ta ce da ma ruwa ba ya tsami banza, ta daɗe tana mamakin yadda malamin da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki zai mutu hannu rabbana. Ban ji Umma ta ce uffan ba. Na dai ji ƙarar labulen ɗakinta da ta saki.

A daren nan na same ta zaune a kan darduma, fitila a kashe. Na ce, "Umma, ni na rubuta lambar nan, laifina ne." Ta ce, "Kai ka rubuta, amma ba kai ka miƙa ba." Sannan ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga bayan jeren kwanukanta. A ciki akwai duk 'yan takardun shaidar zuba kuɗi na shekara shida, an ɗaure su da zare, kowace shekara daban. Matar da ba ta wuce aji huɗu na firamare ba ta fi ni iya adana takarda, ni da nake da digiri a fannin kimiyyar ɗakin karatu da adana bayanai.

Mako uku muka yi muna wanke ta daga zargin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Uwar adashi ta zo da littafinta, aka jera ranakun kwasa da ranakun zuba kuɗi a banki, suka yi daidai ɗaya bayan ɗaya. Matan da ke sarin zannuwan gado a wajenta suka ba da shaida. Liman ya duba ya ce wannan guminta ne, ba ya shiga gado, kuma haƙƙinta a cikin tumunin da za su raba da Iya yana nan daram. Baffa ya zo har bakin ƙofarta ya tsuguna ya ce, "Ki yafe mini, abin da aka ba ni na karanta." Ta ce ba komai, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Sai dai magana zarar bunu ce. An wanke Umma daga zargin ɓoye dukiyar marayu, amma yanzu kowa a dangi ya san abin da ta mallaka har zuwa kwabon ƙarshe. Kafin ta fita takaba, masu neman rance suka fara sallama: wannan matarsa ce za a yi wa aiki, wancan jarinsa ne ya karye, waccan ɗanta ne zai biya kuɗin jarrabawa. Da can in ta ce babu, an yarda babu. Yanzu in ta ce babu, ta zama marowaciya, mai kuɗi a banki tana kallon ɗan'uwa cikin wahala. Ta ba wasu don kunya, kuma mafi yawan abin da ta bayar bai dawo ba. Zaman da suka yi da Iya na shekara ashirin da shida, wanda ba a taɓa jin kansu ba, ya koma gaisuwa daga nesa. Iya ba ta ce an cuce ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mijinta ya riƙe sirrin wata bai gaya mata ba, alhali da nata ne ma haka zai riƙe. Lokacin auren ƙanwata aka rage abubuwa da dama daga jerin da Umma ta daɗe tana lissafawa a zuci, maganar Makka kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Da na kammala hidimar ƙasa na je bankin da kaina. Bayan na yi kusan awa biyu a layi, aka kai ni wajen wata ma'aikaciya mai karɓar koke. Ta duba kwamfutarta, ta kira wani abokin aikinta suka yi ƙus-ƙus, sannan ta yi mini bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wanda aka ba aikin fitar da bayanan Baba da lambar waya ya bincika, ba da lambar asusu ba. Asusu biyu suka fito, adireshinsu ɗaya, sai ya buga duka ya maƙale ya zuba a ambulan. Wanda ya sa hannu a kai bai buɗa shafi na biyu ba. Ta ce, "Malam, kuskure ne, a yi haƙuri. Ai alhamdu lillahi ko kwabo bai ɓata ba." Na tsaya ina kallonta, na rasa ta inda zan fara. A lissafinta gaskiya ta faɗa, kuɗin suna nan cif. Abin da ya ɓata ba shi da gurbi a cikin littafin da take dubawa.

A hanyata ta fita na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba a duk zuwan da nake yi. A ƙarƙashin matakalar bene an jibge kwalaye, bakinsu a buɗe, cike da fom-fom na buɗe asusu, hotunan mutane suna leƙowa. A kan kanta akwai kwafin katin shaidar wani dattijo an ajiye kofin shayi a kai. Wata ma'aikaciya tana ɗaga murya tana tambayar wani tsoho ranar haihuwarsa da sunan mahaifiyarsa, shi kuma yana amsawa da ƙarfi saboda kunnensa ya yi nauyi, mutum fiye da ashirin suna saurare. A ƙofar wannan gini akwai 'yan sanda da bindigogi, akwai ƙofar ƙarfe mai tantance mutum kafin ya shiga, akwai na'urar ɗaukar hoto a kowace kusurwa. Duk wannan tsaro na kuɗi ne. Takardun da suke mabuɗin kuɗin kuwa suna zube kamar ganyen darbejiya.

Na koma gida na shiga karatu, domin in san ko abin da aka yi mana rashin kyautawa ne kawai ko keta haƙƙi. Na tarar maganar tsohuwa ce. Tun a 1923 wata kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Tournier, wanda manajan bankinsa ya gaya wa masu gidansa cewa banki na bin sa bashi kuma ana zaton yana caca, abin da ya jawo ya rasa aikinsa. Kotun ta tabbatar cewa riƙe sirrin mai ajiya wajibi ne a kan banki, ba a saki sai da dalili huɗu: in doka ta tilasta, ko maslahar jama'a ta buƙata, ko banki na kare haƙƙinsa, ko mai ajiyar ya yarda. Takardar da Baffa ya kai ta buɗe asusun Baba ne kaɗai, ba ta ambaci na Umma ba. A nan gida, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, wato NDPC.

Wannan doka ta faɗi abubuwan da da Umma ta san su da ta yi mamaki. Ta ce kada a karɓi bayanin mutum fiye da abin da ake buƙata, kada a yi amfani da shi a wani abin da ba don shi aka karɓa ba, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata, kuma a tsare shi daga ɓata da faɗawa hannun da bai dace ba. Mai bayanin yana da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara kuskure, ya kai kuka ga hukumar, ko ya nemi diyya a kotu. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai kuwa tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar ba ado ba ce, domin a 2024 hukumar ta ci wani babban bankin kasuwanci tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. Shi ma Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, inda mutum zai kai ƙara idan ya rubuta wa bankinsa aka kwashe lokacin da aka ƙayyade, galibi mako biyu, ba a share masa hawaye ba.

Da wannan ilimi na zauna na rubuta takardar koke mai shafi biyu da sunan Umma, na karanta mata da Hausa, ta dangwala yatsa don kada in ji ba daɗi. Na kai, aka buga mini hatimi a kwafina. Bayan kwana goma sha tara amsa ta zo. Saƙon da ke cewa an karɓi kokenmu kuma ana ba mu haƙuri bai shiga wayar Umma ba, duk da na rubuta sabuwar lambarta a saman takardar da manyan alƙaluma. Wayar Baba ya shiga, wadda a rabon gado ta faɗa hannun babban yayanmu. Shi ya kawo mini ita ya ce, "Ga saƙon Umma nan." Ashe duk tsawon watannin nan, kowace naira da ta shiga ko ta fita daga asusunta, a hannunsa labarin ke sauka. Ya rantse bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma na yarda da shi, domin ɗan Baba ne.

Na so in wuce gaba, in kai maganar Abuja. Umma ta hana. Ta ce, "In ka kai su ƙara, me za su dawo mini da shi? Za su shiga kunnen mutane su ciro abin da suka ji?" Na ce ko don kada a yi wa wata. Ta ce, "To ka yi don watan, amma kada a sake kiran sunana a gaban jama'a." A nan na fahimci dalilin da ya sa irin wannan kuskure yake daɗewa bai gyaru ba. Wanda aka tona wa asiri, abin da ya fi gudu shi ne ƙarin tonon asiri, neman haƙƙi kuwa sai an sake buɗe maganar a gaban wasu baƙin. Haƙurin mutanenmu da kunyarsu sun zama rumfar da sakaci ke shan inuwa a ƙarƙashinta.

Bahaushe bai jira doka ta koya masa darajar sirri ba. Addu'ar da ta fi yawa a bakin iyayenmu ita ce Allah Ya rufa asiri, kuma in an ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai riƙe kansa ba tare da duniya ta san cikinsa ba. Mu ne muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gidanmu na gargajiya da zaure yake farawa, domin baƙo ya tsaya inda aka ajiye shi. Addini ya hana shiga gidan wani sai da izini, ya hana bin diddigin mutane, ya kuma sanya riƙon amana cikin alamomin imani. Abin da ya rage mana shi ne mu gane cewa sirrin mutum a yau ya bar ƙuryar ɗaki ya koma cikin fayil da kwamfuta. Ma'aikacin da ba zai taɓa ɗaga labulen matar wani ba, shi ne zai miƙa bayanin asusunta ga wanda bai dace ba, ya tafi sallar azahar hankalinsa kwance, don a ganinsa takarda ce kawai ya miƙa.

Akwai kuma abin da ya sa haɗarin ya fi yawa a wajenmu. Sunayenmu suna maimaituwa ƙwarai, ta yadda a reshen banki guda za a iya samun mutane da dama masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, wasu ma har ranar haihuwarsu ɗaya, tun da yawancin waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba 1 ga Janairu ake sa musu. Gida ɗaya yakan ɗauki magidanta biyar da takardar wuta guda. Mata da tsofaffi da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke amfani, kuma wani ne ke cike musu fom da harshen da ba sa ji. Tsarin da aka gina bisa zaton kowane mutum yana da sunansa shi kaɗai, da wayarsa, da adireshinsa, dole ya riƙa tuntuɓe a irin unguwanninmu, in dai ba a sami ma'aikaci mai duba shafi na biyu ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni da nake wannan dogon bayani, sau nawa na bar kwafin katin shaidata a shagon fotokwafi don ya fito da duhu? Sau nawa na tura hoton takarduna ta WhatsApp ga wanda ya ce zai nema mini aiki? Sau nawa na ga dattijuwa ta miƙa wa mai POS katinta ta kuma faɗa masa lambar sirrin da baki, ban ce komai ba? Masu damfarar da ke kiran mutane suna cewa daga banki suke, abin da ke sa a yarda da su shi ne sukan fara da faɗin cikakken sunan mutum da ranar haihuwarsa. Ba duba suke yi ba. A wani wuri suka tsinta, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar wata Asabar na sayi ƙosai a bakin titi, aka ƙunsa mini a takarda. Ina cikin ci na ga rubutu a inda mai ya jiƙa. Fom ne na wani banki, an cike shi da biro: sunan wata mata, da unguwarsu, da lambar wayarta, da sunan magajinta, har da gurbin da aka ɓamɓare hotonta. Na koma wajen mai ƙosan na ce, "Baba, ina kike samun takardun nan?" Ta ce yara ne ke kawo mata a buhu, ita ba ta karatun boko. Na roƙe ta ta sayar mini da sauran, ta yi dariya ta ce in kawo mata tsofaffin jaridu mu yi musanye. Haka aka yi. Da yamma na zuba su a murhun Umma na cinna musu ashana. Ban san matar ba, ita ma ba za ta taɓa sanin abin da ya faru ba. Ina kallon wutar ina tunanin ko ita ma ta taɓa tambayar wani saurayi a bayan kanta cewa wa zai gani.

Komawa ga tukunyar yumɓu ba mafita ba ce. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya san cewa an wuce zamanin da mutum zai ce ba ruwansa da banki. Fansho ta can yake biyowa, kuɗin makaranta ta can ake biya, ciniki ma ya koma tiransifa. Tun da ba mu da zaɓi sai mun miƙa sunayenmu da fuskokinmu da yatsunmu, nauyin da ke kan mai karɓa ya ƙaru ke nan. Abin da nake nema daga bankuna bai fi ƙarfinsu ba: a nemo asusu da lambarsa, mutum na biyu ya duba kowace takarda kafin ta fita, a kulle fayil kamar yadda ake kulle kuɗi, a ƙone ko a niƙe takardar da ta gama aiki, a keɓe wurin da tsoho zai faɗi sirrinsa ba a gaban layi ba, a kuma yi wa mai ajiya bayanin haƙƙinsa da harshen da yake ji. In an yi kuskure, a je a same shi a faɗa masa, kada a bari ya ji a tsakar gida.

Daga baya na kai Umma aka sauya lambar, na tsaya a kan ma'aikacin har sai da saƙon gwaji ya shigo wayarta a gabana. Na kuma rubuta wa hukumar labarin kwalayen ƙarƙashin bene da takardar ƙosai, ban sa sunanta ba, kamar yadda ta nema. Asusun yana nan, tana karɓar kuɗin ɗinki ta cikinsa, amma ba ta barin komai ya kwana biyu. Kwanan baya ina gyara mata ƙafar gado hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi a can ƙurya. Sabon asusu ne na yumɓu, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Na ɗago kai muka haɗa ido. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na mayar da shi inda yake, na ja zanen gado na rufe.